Sawun Takalmin Mamaci

Matan da ke sarin ganye ne suka fara ganinsa. Sun shigo lambun da kwandunansu da sassafe, bayan ruwan da aka kwana ana zubawa, suka tarar da mai ban ruwa kwance a gindin shingen waya, ƙafarsa ba takalmi, tafin hannunsa na dama da tabon ƙuna dogo kamar an ɗora masa ƙarfe daga wuta. Kafin rana ta ɗaga, unguwar duk ta hallara.

Ba wanda ya tsaya tambayar abin da ya kashe shi, tunda amsar na rataye a jikin shingen. Wani allo ne rawaya, an zana hannu da walƙiya, an rubuta bolt dubu takwas. Wutar gida ma mai ɗari biyu da ashirin tana kashe mutum, in ji jama'a, balle wannan. Mai lambu ya yi tafiya, don haka fushin ya koma kan matar da ta kafa shingen, wadda kowa ke kira Injiniya. Matasa suka nufi shagonta da duwatsu, suka farfasa gilashin ƙofa, har dutse ya same ta a gira kafin Sufeton 'yan sanda ya iso ya tura ta cikin motarsa. Tana riƙe da goshi tana ta maimaita cewa shingenta ba ya kisa, ba mai saurarenta.

Sufeto bai yarda da ita ba, amma bai son rufe magana da ihun taro. Ya aika aka ɗauko mai bin sawu.

Tsoho ne siriri, gwiwoyinsa sun fara gajiya. Ya yi shekaru a gandun daji yana bin ɓarayin namun daji, yanzu kuma sai in an sace shanu ake tunawa da shi. Matarsa kan ce ya san dunduniyar kowa a gari, amma sai ya wuce surukinsa a hanya bai gane fuskarsa ba. Wutar lantarki kuwa tsoronta yake ji, ko ƙwan fitila ya mutu a ɗakinsa sai ya jira 'yarsa ta dawo ta canza. Ya gaya wa Sufeto haka tun a mota, ya ce shi dai ƙasa ya iya karantawa, kada a tambaye shi waya.

Gaban lambun an riga an tattake shi kamar kasuwar dabbobi. An ɗauke gawar zuwa asibiti. A kan wani bulo kusa da wurin, mai gadin lambun na zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ƙanin marigayin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yayan ne ya samo masa aikin. Da Sufeto ya tambaye shi, ya ce ya tashi aiki tun kafin gari ya waye, bai haɗu da yayansa ba, a gida labarin ya iske shi. Mai bin sawu ya yi masa gaisuwa, ya wuce.

A bakin ƙofa ya ga silifas ɗin marigayin, laka ta riƙe su, mai su ya cire ƙafa ya bar su nan. Daga nan sawun ƙafa tsirara ya bi gefen fangalin tumatir, inda taro bai taka ba, har zuwa wata 'yar rumfa. A cikin rumfar akwai akwatin da ke ba shingen wuta. Sawun ya tsaya a gabansa, ƙafafu biyu a jere, sannan ya juya ya miƙe zuwa shingen da taku mai faɗi, na mutumin da ba ya shakkar komai.

Tsohon ya kira Sufeto, ya nuna masa makunnin akwatin da bakin sandarsa, daga nesa. A kashe yake.

"Kafin ya taɓa wayar, da hannunsa ya kashe wutar," in ji shi. "To wace wuta ce ta kama shi?"

Sufeto ya ce wataƙila wani ne ya kashe daga baya. Tsohon ya girgiza kai. Tun da ruwa ya ɗauke, ƙafa ɗaya ce ta shiga rumfar nan.

Mutane sun riga sun ba Sufeto wani suna: mai awakin da ke bayan lambun. Kowa ya san sun sha yin cacar baki da mai lambu, har ya taɓa yanke wayar da almakashi ranar da ta make masa bunsuru. Sun same shi yana share turke, ga kuma sawunsa birjik a wajen shingen. Bai musa ba. Ya ce ya yanke, kuma da ya samu hali da ya sake yankewa, amma shi da marigayin ba su taɓa ko ɗaga wa juna murya ba, shi ne ma ke jefo wa awakinsa ganyen kabeji ta saman waya. Yana faɗa idonsa na cikowa.

Mai bin sawu ya durƙusa da ƙyar ya duba. Duk sawun mai awaki ɗigon ruwa ya huhhuda shi, na jiya ne kafin ruwan ya tsananta. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya tambaye shi ko ya lura da wani abu jiya. Mai awaki ya yi tunani, ya ce akwai. Akwatin nan kullum yana ƙara, ƙas, ƙas, kamar agogon bango, har ya saba da shi. Jiya da yamma aka yi wata tsawa mai ƙarfi, daga nan bai sake jin ƙarar ba. Awakin ma sun gane, suka fara matsowa jikin wayar, shi ya sa ya kora su turke ya ɗaure.

Sai aka zo da Injiniya, an liƙa mata filasta a gira, 'yan sanda biyu na tare mutane. Ta kwance murfin akwatin, wari ya buso. Ciki ya yi baƙi ƙirin. Ta ce tsawa ce ta ƙone shi, wannan akwatin ko an kunna shi ba zai make ƙadangare ba.

Mai bin sawu ya ce ta yi masa bayani kamar tana yi wa ɗan yaye, don shi har yanzu dubu takwas ɗin nan na tsaye masa a rai.

Ta ce abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira wuta. Akwai boltej, shi ne ƙarfin turawa, shi ake rubutawa a allo. Akwai kuma karant, shi ne yawan abin da ya samu hanya ya ratsa. Ta nuna mesar ban ruwa da ke yashe a ƙasa. In ka toshe bakinta da yatsa, ruwan zai yi tsartuwa da ƙarfi har ya yi maka zafi a fata, amma in abin da ke bayansa kofi ɗaya ne, nan take ya ƙare. Ruwan kwata kuwa ba ya tsartuwa, tafiya kawai yake, amma in ya cika yana tafiya da mutum. Aikin da wuta ke yi, ko juya famfo ko ƙona nama, sai an haɗa biyun ake samunsa, turin da yawan, sannan a duba tsawon lokacin da ta ɗauka tana yi.

"Akwatina turinsa babba ne, Baba, amma guzurinsa kaɗan ne," in ji ta. "Yana bugawa ya saki kafin ka ƙifta ido, ya huta, ya sake bugawa. A wannan hutun hannunka ke janyewa. Wutar gida turinta ƙarami ne, amma ya isa ya ratsa jiƙaƙƙen mutum, kuma ba ta hutawa, ba ta ƙarewa. Tana murɗe yatsu su damƙe wayar, ka kasa saki. Abin da ke tsayar da zuciya bai kai abin da ƙaramin ƙwan fitila ke sha ba."

Ta tambaya yaya ƙafar marigayin take da aka same shi. Da aka ce ba takalmi, cikin laka, ta rufe ido. Ta ce wuta sai ta samu mafita take ratsa mutum, ta shiga ta hannu, ta bi ta ƙirji, ta fita ta ƙafa zuwa ƙasa. Da yana sanye da takalmin roba mai kauri, da wataƙila yana nan yana ba su labari.

Tsohon ya tambaya ina ne mafi kusa da ake samun wutar gida. Ta nuna wani ɗan ɗaki a can ƙarshen lambun, ɗakin famfo. Ta ce wayoyinsa tsofaffi ne, ba ita ta yi su ba, kuma babu na'urar da ke yanke wuta in ta kama mutum.

Can ba wanda ya je, saboda sai an ratsa fangalin da ruwa ya cika. Mai bin sawu ya hana kowa biyo shi, ya naɗe wando, ya bi gefe a hankali. Ya daɗe. Sufeto na hango shi yana sunkuyawa, yana tashi, yana komawa baya. Da tsohon ya yafito shi, Sufeto ya ga fuskarsa ta canza.

Tsakanin shingen da ɗakin famfo akwai wani siririn layi a laka, kamar jan cikin maciji, sai dai maciji ba ya tafiya a miƙe haka. Waya ce aka shimfiɗa, daga baya aka janye. Inda layin ya taɓa shingen, Injiniya ta ga tabon baƙi a jikin ƙarfen. Gefen layin kuma ga sawun dogon takalmin roba. Na zuwa ɗakin famfo gudu ne, gaban takalmin ya nutse, laka ta fantsama baya. Na dawowa ma gudu ne, zuwa inda gawar ta kwanta. Sai na uku, a hankali, mutum na tafe yana naɗe abu. A wuri guda kuma, kusa da shingen, takalmin ya taka kan sawun marigayin ya shafe masa yatsu.

"Duk wanda ya ga mutum maƙale da wayar nan, rumfar akwati zai nufa," in ji tsohon. "Wannan ɗakin famfo ya ruga. Ya san inda wutar ta fito."

Sufeto ya ce mai lambu na da irin wannan takalmi, kuma an sha ji yana cewa wata rana sai ya gasa ɓarayin kayansa. A daidai lokacin mutumin ya iso daga tafiya, ƙato ne mai jiki, yana haki. Tsohon ya dubi ƙafarsa sau ɗaya ya ce ba shi ba ne. Mai sawun nan mara nauyi ne, kuma takalmin ya fi ƙafarsa girma, dunduniyar na ja a ƙasa duk taku, kamar yaro ya sa na babansa.

Ya bi sawun ta ƙaramar ƙofar baya, ya ratsa gonar wani, har bakin kwalbati. Nan takalmin ya ƙare, ƙafa tsirara 'yar madaidaiciya ta hau kwalta ta ɓace. Ɗan sanda ya zura hannu cikin kwalbatin ya jawo doguwar waya a naɗe, da takalmin roba baƙi, na hagun an yi masa faci da robar taya.

Mai lambu na ganin takalmin ya ce ai na mai ban ruwa ne, shi ya saya masa.

Sufeto ya dubi tsohon. Tsohon ya ce mamaci dai bai tashi ya sa takalminsa ya taka sawun kansa ba.

Gidan marigayin ɗaki biyu ne a cikin gidan haya, tsakar gida cike da mata. Matarsa ta fito zaure, ƙaramar 'yarta na riƙe da gefen zaninta. Mai bin sawu bai nuna mata takalmin ba. Ya yi mata gaisuwa, ya tambaya a hankali me ya sa maigidanta ya tafi lambu da silifas ranar laka irin wannan.

Ta ce ita ma ta yi masa magana. Jiya da hadari ya haɗo, ƙaninsa ya biyo zai tafi gadi da wani takalmin yadi duk ya yage, shi ne yayan ya cire nasa daga bayan ƙofa ya ba shi, ya ce ya ajiye masa a bakin lambu da safe. Kullum haka yake da yaron nan, in ji ta, ko rigar jikinsa ce zai cire. Kuma yau maigidan nata ya yi sammako fiye da kullum, don ya buɗe wa ruwa hanya kada ya kashe irin da aka shuka.

Ta tsaya, ta dubi tsohon, ta dubi Sufeto. Ta tambaya me ya sa suke tambayar takalmi. Sufeto ya kau da kai. Ta jawo 'yarta ta rungume.

Sufeto ya tara su a rumfar da ake ɗaure ganye: mai lambu, mai awaki, Injiniya, mai gadi, da dattawan unguwa uku don su shaida wa jama'ar da ke waje. Mai bin sawu ya zauna kan kwandon da aka kife, ya ba da labarin yadda ƙasa ta ba shi, bai kalli fuskar kowa ba. Ya ce akwatin ya mutu tun jiya. Wani ya jawo wutar ɗakin famfo ya ɗaura a shinge. Marigayin ya zo, ya kashe makunnin da ya saba kashewa, ya kama wayar don ya buɗe hanya. Wanda ya ɗaura wutar yana cikin lambun, ya gani, ya ruga ya zare, ya dawo ya durƙusa, ga gurbin gwiwoyinsa nan biyu. Sannan ya naɗe wayarsa ya fita ta baya.

Ɗaya daga dattawan ya ce to wane ne, a daina kwana-kwana.

Tsohon ya sa aka ajiye takalmin a tsakiya. Ya ce ba zai sa kowa ya gwada ba, mai shi ya san kansa, kuma ya ga yadda ya yi gudun nan, ba gudun mai son kisa ba ne.

Sai mai gadi ya zame daga bencin ya zauna a ƙasa. Ya fara magana da wata murya da ba a saba jin ta ba. Ya ce bayan tsawa ya ji akwatin ya yi shiru, ga awaki a jikin waya, ga karnuka. Maigidansa mai lambu ya riga ya ce in dabba ta sake cin shuka a hannunsa ya bar aikin, kuma yayansa ne ya tsaya masa, ba ya so ya sake jawo masa kunya. Ya kira maigidan a salula, ba ta shiga. Sai ya tuna da doguwar wayar wutar da ke ɗakin famfo.

"Na sha taɓa shingen nan," in ji shi. "Dubu takwas ce, amma sai dai ta make ni in yi tsalle, Yaya ya yi ta min dariya. Na ce ɗari biyu ai ƙanwarta ce, in ta bazu a doguwar waya haka ko akuya ba za ta kayar ba. Na ce zan cire kafin ya zo. Ina can baya ina gyara magudana na ji ƙararsa."

Mai awaki ya tambaye shi, ba da faɗa ba, me ya sa ya zauna yana kallo ana jifan baiwar Allahn nan. Mai gadi ya juya wajen Injiniya ya sunkuyar da kai har ƙasa. Ita kuwa ta kau da fuska, tana shafa filastar girarta, hawaye na zubo mata. Mai lambu ya fara cewa shi bai yi nufin korarsa da gaske ba.

Da 'yan sanda suka ɗaga mai gadi, ya tsaya gaban mai bin sawu. Ya ce abu ɗaya yake roƙo. Mahaifiyarsu na ɗakin baya a gidan yayansa, idonta ya yi rauni, tun safe take aike a kira shi ya kasa zuwa. Kada ta ji a bakin taro, kada ta ji a bakin yara.

"Kai ka gano ni, Baba," in ji shi. "Kai za ka gaya mata."

Tsohon ya ce aikinsa ya ƙare a bakin kwalbati. Amma da motar ta tashi, dattawan suka fita yi wa jama'a bayani, sai ya ga ƙafarsa ta ɗauki hanyar gidan hayan. Matar marigayin ta gan shi, ta matsa ta ba shi hanya.

Ɗakin ƙarami ne, da duhu. Tsohuwar na zaune bakin gado, ta jingina da bango, hannuwanta a kan cinya. Ta ji takun sanda, ta tambaya wane ne. Ya gaya mata. Ta ce ta ji labarinsa, an ce ba a taɓa ɓace masa ba. Ta tambaya ko ya gano wanda ya yi wa ɗanta haka.

Ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya shiga, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Na gano, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta lalubo gefen mayafinta ta share ido.

"To ka dakata tukuna," in ji ta. "A kira min ƙaninsa. Shi kaɗai ya rage min, gara mu ji tare."